Don Allah Ki Tsokani 'Yata

Tun ranar da suke sauke kaya a sabon gidansu na Glendale, Lorraine Petrosky ta gane matar da ke zaune a barandar gidan da ke kallon nasu. Tana tsaye da kwalin tukwane a hannu ta ce wa mijinta, "Stan, duba can a hankali, kar ka nuna da yatsa. Verna Lockridge ce."

"Wacce? Mai kulle marayu a ɗakin gawayi?"

"Ita fa, da kanta."

Duk wanda ya tashi yana zuwa silima kafin yaƙin duniya ya san wannan fuska. Doguwar mace ce mai hanci kamar bakin wuƙa, da gira ɗaya da take iya ɗagawa ita kaɗai. Ba a taɓa sa ta a fim ta fito mutumiyar kirki ba. In ba muguwar matar uba ba ce, to shugabar gidan marayu ce mai ƙwace wa yara burodi. Har da sunanta iyaye suke tsorata yaran da suka ƙi wanka. Yanzu ta tsufa ta bar fim, sai zaman baranda a kujera mai lilo, ga jan gashi a kanta wanda duk unguwa ta san na kanti ne, ga sanda a jingine, ga itatuwan lemo cike da farfajiya.

Lorraine dai ba kallon taurari ya kawo ta California ba. Stan ne ya samu aiki a wani kamfanin ƙera jiragen sama, likita kuma ya ce ɗumin garin zai yi wa ƙafar Winnie amfani. Winnie ce kaɗai 'yarsu, shekararta takwas. Shan inna ya kama ta tana ƙarama, ya bar ta da ƙarfe a ƙafar hagu daga gwiwa zuwa dunduniya, duk takun da ta yi sai ya yi ƙara. A Dayton, inda suka baro, yaran makaranta sun sa ta gaba a kan wannan ƙarar. Sukan bi bayanta suna kaɗa gwangwani, in ta waiwayo su kwasa a guje. Tun daga nan Lorraine ta koma kamar kaza mai 'yan tsaki. Manya kuwa, da sun ga Winnie sai su sassauta murya, su karkata kai, su ce, "Ayya, sannu 'yar kirki." Ita kuma ta sunkuya tana kallon takalminta har su wuce.

Ranar Asabar ta farko, bayan abincin rana, Lorraine ta riƙo hannun Winnie za su kanti. Suna tsallaka titi sai ga barandar tsohuwar cike da yara, wasu a kan matakala, wasu a ƙasa, kowa da yankan kek a hannu. Muryar nan da Lorraine ta sani tun tana yarinya tana tashi har bakin hanya.

"Lyle Hutchins, juya kunnuwan nan gefe, kana tare min rana. Dolores, rufe bakinki, iska na shigowa ta gibin nan. Kai kuma Dankali, wa ya ce ka ɗauki na biyu? Ba ku da wani amfani sai cinye kek ɗin tsofaffi. Da a fim ne, da tuni na sayar da ku na sayi hula."

"Ba mai sayenmu, Mis Lockridge!" in ji wani.

"Na sani. Na gwada."

Yaran suka bushe da dariya. Lorraine ta ƙara damƙe hannun 'yarta ta ɗaga ƙafa, amma ƙarfen Winnie ba ya iya tafiya a ɓoye. Tsohuwar ta tsayar da lilon kujerarta, ta ɗaga girar nan, ta zuba wa yarinyar ido.

"Wace ce wannan take ƙara kamar tsohuwar motar madara? Zo nan, Ƙwaram-ƙwaram, in duba ko man giris kike so."

Ran Lorraine ya ɓaci. Ta ji Winnie ta yi wani irin sauti kamar an shaƙe ta, kafaɗunta na girgiza, ta rufe fuska da hannu. Ba ta tsaya dubawa ba. Ta ja ta suka juya gida, aka fasa zuwa kantin.

Da yamma, bayan yaran sun watse, ta koma ita kaɗai. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Mis Lockridge, sunana Misis Petrosky. Yarinyar da kika yi wa dariya ɗazu 'yata ce. Ta yi wata da watanni a kwance a asibiti, ta sha wahalar da ke ba ki san irinta ba. Nan ba fim ba ne. In sauran iyaye sun yarda ki riƙa zagin 'ya'yansu, ruwansu. Tawa dai kar ki ƙara."

Ta zo da shirin faɗa, har ta tanadi abin da za ta mayar in tsohuwar ta yi mata tsawa. Amma Verna Lockridge ta saurare ta har ƙarshe, ta gyara zama, ta ce a hankali, "'Yarki ce, Misis Petrosky, kin fi ni saninta. Ba zan ƙara ba. Tana iya zuwa cin kek duk ran da take so."

Lorraine ta koma gida tana jin kanta kamar wadda ta taho da gudu za ta ture ƙofa, ta tarar da ita a buɗe.

Kafin wata Asabar ɗin, Dolores Ybarra, mai gibin nan, ta riga ta ƙulla ƙawance da Winnie ta kan shinge. Ita ta zo ta ja ta zuwa barandar. Lorraine ta tsaya bayan labulen falo tana kallo, kunnenta a buɗe.

Tsohuwar ta cika alkawari har ta zarce. Da ganin Winnie ta miƙe da sandarta, ta ce, "Barka da rana, Mis Petrosky. Kin kyauta da kika zo. Lyle, tashi ka ba baƙuwa kujera." Ta yanka mata kek mafi girma, ta sa a faranti mai zanen furanni, har da cokali mai yatsu, alhali sauran a hannu suke ci. Ta tambaye ta ko rana ta yi mata yawa. Daga nan ta juya ta ci gaba da ragargazar sauran: ta ce wa Dankali in ya ƙara ƙiba za ta ba da hayarsa a riƙa danne kwalta da shi, ta ce wa Lyle jiragen sama suna neman izinin sauka a kunnensa. Winnie na zaune a kujera, faranti a cinya, ƙafafunta a haɗe, kamar wadda ta zo ganin likita.

Lorraine ta saki labule tana murmushi. Haka ya kamata.

Sai dai yara suna lura. Da suka ga yadda tsohuwar ke yi da Winnie, su ma suka bi sahu. In ana guje-guje a ƙarƙashin lemo, su kauce mata nesa. In ana raba ɓawon kek da ya manne a tire, ba a kokawa da ita, miƙa mata ake yi. Har Dankali, wanda bai taɓa ce wa kowa sannu ba, ya fara ce mata sannu. Kowace Asabar Winnie takan dawo gida shiru, ta shige ɗaki. Lorraine ta ɗauka gajiya ce.

Wata ranar Lahadi suna cin abinci, Stan yana yanka gasasshen nama, Lorraine ta ce, "Jiya na ga Mis Lockridge ta ba ki matashin kujera. Ashe dai tana da kirki in ta ga dama."

Winnie ta ajiye cokali da ƙarfi. "Mama, me kika gaya mata?"

"Wa?"

"Dolores ta ce ta gan ki kin je gidanta. Kowa yana da suna a wurinta sai ni! Lyle Tukunya ne, Dolores Taga ce, har ƙanin Dolores da bai iya magana ba ana ce masa Famfo saboda yoyon hanci. Ni kaɗai ce Mis Petrosky. Mis Petrosky! Kamar wata malamar makaranta!"

"Haba Winnie, ai kuka ta sa ki ranar nan."

"Dariya nake yi! Man giris fa ta ce, Mama! Na toshe baki ne don na ga ranki ya ɓaci."

Stan ya ƙware da ruwa, ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Lorraine ta watsa masa harara, sannan ta dubi 'yarta. "To ai irin abin da yaran Dayton suke faɗa miki ke nan. Kin manta yadda kike dawowa gida?"

"Ba iri ɗaya ba ne."

"Ina bambancin?"

Winnie ta yi ɗan tunani, tana juya wake a faranti. "Su in sun faɗa, gudu suke yi su bar ni. Ita kuwa cewa ta yi in zo."

Aka gama ci, aka kwashe kwanuka. Lorraine na wanke-wanke Stan ya zo yana goge mata faranti. "Yanzu sai ki koma ki roƙe ta ta zagi 'yarki," ya ce, yana ƙoƙarin gimtse dariya.

"In ka ƙara cewa uffan, da wannan kaskon zan rufe ka."

Washegari da hantsi ta gasa waina mai tuffa a ciki, ta rufe da ƙyalle, ta tsallaka titi. Ta tarar da tsohuwar tana ba furanninta ruwa, tana yi musu faɗa don sun ƙi fitowa.

"Misis Petrosky. Me na yi kuma?"

"Ba ki yi komai ba. Abin da ya kawo ni ke nan." Lorraine ta ajiye wainar a kan tebur, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. "Maganar Winnie ce. Ina ganin... wato ta fi son... in da hali ki riƙa yi mata yadda kike yi wa sauran."

Girar ta ɗaga. "Yaya nake yi wa sauran?"

"Kin sani ai."

"Kunnena ya tsufa, ƙwaƙwalwata ma haka. Faɗa min dalla-dalla."

Fuskar Lorraine ta yi ja har wuya. "Don Allah ki tsokani 'yata."

Verna Lockridge ta saki wata irin dariya mai kauri wadda ba a taɓa ji a fim ba, har ta dafa ginshiƙin baranda. "Na yi shekaru a wannan sana'a, an roƙe ni abubuwa iri-iri, amma wannan sabo ne. Zauna, 'yar nan. Bari in kawo wuƙa mu ga ko hannunki ya fi bakinki daɗi."

Suka zauna suna ci. Tsohuwar ta ce wainar ba laifi, in mutum bai taɓa cin wata ba, sannan ta yanki na biyu.

"Kin san inda na koyi wannan hali?" ta ce. "A wurin ɗaukar fim. Za a kawo min yaro ɗan shekara shida, a ce in daka masa tsawa. Yaro ya ga wannan fuskar, ga fitilu, ga mutane, sai ya sandare kamar itace, ko kukan ma ya kasa. Sai na fara jan su gefe kafin a kunna na'ura. In ce, kai, wa ya yi maka wannan askin, akuya? Ya yi dariya. In ce to rama. Ya ce hancina kamar na aku. Shi ke nan, mun zama abokai. In an fara ɗauka in yi ta zare masa ido, shi kuma yana kukan ƙarya yana jin daɗinsa."

"Amma ƙafarta, Mis Lockridge. Me ya sa sai ƙafar?"

"Don ita kowa ke kallo yana yin kamar bai gani ba. Kina tsammani ba ta lura? Yarinyar nan ta tsaya a bakin shingena tana leƙen kek, idonta ƙyar a kaina, ko ɗar babu. Na ce wannan za ta iya. Ba kowane yaro nake taɓawa ba, kuma ba kowace rana ba. In Lyle ya zo na ga babansa ya sha giya ya yi musu tijara a gida, ranar kunnuwansa hutu suke yi, sai dai in sa shi ya matse min lemo." Ta goge bakinta da ƙyalle. "Inda na yi kuskure, na kalli idon 'yar ban kalli na uwar ba. Ke ma ai kin sha jinyar nan."

Lorraine ta ji hawaye na neman zubo mata, ta yi sauri ta kai loma baki.

"Amma ki gaya mata," in ji tsohuwar, tana nuna ta da wuƙa, "a nan ba a cin bulus. Wanda aka tsokana sai ya rama. In ba ta da abin faɗa, ta zauna a kujerar baƙi."

Duk makon nan Winnie ba ta da aiki sai shiri. Lorraine takan ji ta a banɗaki tana magana da madubi, in an ƙwanƙwasa ta yi tsit. Ta tambayi Dolores wasu abubuwa a asirce ta kan shinge. Ko uwarta ba ta gaya wa abin da ta tanada ba.

Da Asabar ta zo, Lorraine ba ta tsaya bayan labule ba. Ta fito da almakashi wai za ta gyara shingen gaban gida, ta yi ta yankan reshe ɗaya. Winnie ta tsallaka titi ita kaɗai, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram, har gindin matakala. Yaran suka matsa za su ba ta hanya, Lyle ya miƙe zai bar kujera.

"Zauna abinka, Tukunya," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba. "Wa ya turo min keken ɗinki har ƙofar gida? Ƙwaram-ƙwaram, tun daga ɗakinki nake jin tahowarki. Ke kam ba za ki taɓa yin sata ba, kare ma hutawa zai yi."

Yaran suka dubi Winnie, suka dubi juna. Almakashin Lorraine ya tsaya a buɗe.

Winnie ta riƙe ƙugu. Ta ɗaga kai ta ce, "Ni dai in zan kwanta, ƙarfe ɗaya nake cirewa. Ke kuwa, Mis Lockridge, ki cire gashi, ki cire haƙora, ki cire tabarau. Wai me yake saura a hau gadon?"

Dolores ta toshe baki. Dankali ya tsaya da tauna. Girar nan ta hau sama, ta ƙara hawa, kamar za ta shige cikin jan gashin. Sai tsohuwar ta fashe. Ta yi dariya har kujera ta kusa kifar da ita, gashin ya zame ya rufe mata ido ɗaya, ta sa hannu ta mayar da shi a karkace. Yara suka yi ta birgima a ƙasa. Lyle ya ɗaga hannun Winnie sama kamar wadda ta ci dambe.

"Ku ba ta ƙaramin yanka!" tsohuwar ta ce tana share hawaye. "Mafi ƙanƙanta! Kuma a hannu, mara kunya ba ta cin faranti na!"

Ana cikin haka wata doguwar mota ta tsaya a bakin titi, irin masu yawo da baƙi suna nuna musu gidajen 'yan fim. Wani mutum mai rigar furanni da kyamara a wuya ya sauko, ya jingina da shinge. Ashe ya ji abin da aka faɗa. Ya ɗaga kyamara yana washe baki, ya ce, "Ke, Ƙwaram-ƙwaram, ja ƙarfen naki gefe in ɗauki tsohuwar."

Lorraine ta ga fuskar 'yarta ta canja nan take, kafaɗunta suka sauko, idonta ya koma kan takalmi. Ta yar da almakashi ta taho. Amma kafin ta kai tsakiyar titi, Verna Lockridge ta riga ta miƙe. Ba ta ɗauki sanda ba. Ta tsaya a saman matakala, ta yi tsawo kamar a allon silima, ta saukar da murya can ƙasa.

"Yallaɓai. Ka san wannan yarinya?"

"A'a, ai na ji ke ma..."

"Ka taɓa zama ka ci kek da ita? Ta taɓa gaya maka abin da take gani game da wannan rigar taka? A bakinka sunanta Mis Petrosky. Faɗi in ji."

Mutumin ya sauke kyamara. "Mis Petrosky. Ki yi haƙuri."

"Madalla. Yanzu koma motarka, tun ban tuna inda na ajiye makullin ɗakin gawayi ba."

Ya juya da sauri har yana tuntuɓe, mutanen cikin motar suna tafi, sun ɗauka wasa aka shirya musu. Yara suka raka motar da ihu. Winnie ta ɗago kai, ta ga uwarta tsaye a tsakiyar titi hannu wofi, ta ɗaga mata ɗan guntun kek ɗinta tana dariya, duk bakinta sukari.

Lorraine ba ta koma gida ba. Ta samu gefen matakala ta zauna, aka miƙo mata lemo. Can da rana ta yi sanyi Stan ya leƙo nemansu, ya cire hula zai gaida mai gidan. Tsohuwar ta kare idonta da hannu.

"Mayar da hular nan, Mista Petrosky, sanƙonka na kashe min ido. Ko ka tsaya can kusa da furannina, wataƙila hasken ya sa su fito."

Stan ya shafa kansa yana laluben abin ramawa. "Sai mako mai zuwa, Baba," in ji Winnie. "Zan koya maka."

A hanyar komawa gida ta rataye a hannun uwarta, tana ta lissafin abin da za ta faɗa Asabar mai zuwa. Hancin an riga an sha taɓa shi, in ji ta, sandar kuma ba ta da daɗin tsokana.

Lorraine ta waiwaya ta ga ba mai jin su, ta sunkuyo ta rage murya. "Kin lura da janbakinta? Rabi a leɓe yake, rabi a haƙori."

Winnie ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Mama!"

"Ni ban ce komai ba. Wuce mu je, wake na kan wuta."